Ranar da Baba Ya Ari Kunnena

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin maiɗakina, tsohon bakaniken da direbobin Faskari da Ƙanƙara har Sabuwa ba su san shi da wani suna ba sai Baba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar kuwa ƙofar gidansa, a ƙauyensu da ke bayan Tafoki, ta cika da tsofaffin motoci, irin waɗanda in ka gamu da su a hanya sai ka yi wa fasinjojin ciki addu'ar sauka lafiya.

Ina gefen tabarma, kaina a sunkuye kamar yadda ya kamaci suruki, ina jin masu ta'aziyya. Wani tsohon direba daga Ƙetare ya shafa fatiha ya ce, "Yau kunnen ƙasar nan ya tahi." Wani ya ce a zamanin da Baba ke ganiyarsa, yana zaune ya ba titi baya zai gaya maka motar wa ke tafe, da abin da ke damunta, tun ba ta karyo kwana ba. Wani ya ɗauko labarin ranar da Baba ya kore shi daga gareji saboda ya zagi motarsa, ya fara dariya, dariyar ta juye masa kuka, sai da aka janye shi gefe.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba a zaure na ji shi ba. Da yamma na leƙa cikin gida in yi wa maiɗakina gaisuwa, na same ta zaune a bayan rumbu ita kaɗai. Ita ce 'yar farin Baba. Ba ta ɗago ba ta ce, "Shi ke nan, ya tahi bai taɓa kiran sunana ba. Na san kunyar ɗan fari ce, ban ce ya yi laifi ba. Amma ƙannena duk sun ji nasu a bakinshi. Ni ko sai 'waccan', sai 'ta gidan direba'. Ko sau ɗaya ne na so in ji."

Na tsaya kamar an dasa ni. Ni kaɗai a duniya na san ba haka abin yake ba, kuma sama da shekara ashirin ina riƙe da maganar.

Baba ba mai yawan surutu ba ne, kuma ba mai saurin sabo ba ne. Gajere ne, siriri, kullum da guntun alli soke a naɗin hularsa. Ba ya kwance komai a jikin mota sai ya ja masa layi da allin nan. "Kafin ka kwance, yi alama," in ji shi, "ƙarfe ba shi tuna inda ya hito." Ya tsani taba kamar me, amma in ya ga kwalin sigari a ƙasa sai ya duƙa ya zare 'yar siririyar takardar ciki ya adana a aljihu. Baƙi kan ɗauka yana sha a ɓoye. Da ita yake aiki.

Aikin da ya yi suna a kai shi ne saita taimin, wato daidaita lokacin da wuta za ta faɗa wa mai a cikin injin. Yakan ce wuta kamar gishiri take a miya, sai dai ita ba yawanta ake aunawa ba, lokacinta. In ta riga lokaci injin ya yi ta ƙwanƙwasa har ya ci kansa. In ta makara mota ta zama raguwa, ta yi zafi, ta mutu a kan hawa. Shi kuwa da kunne yake nemo tsakiyar. Ya sassauta noti, ya riƙe distiributa, ɗan kwanon nan da ke raba wa fulogogi wuta, ya lumshe ido yana juya ta a hankali yana saurare. Kuma da motar yake magana, ba da mai ita ba. "To, faɗa mani. Ina ke maki ciwo?"

A keke yake zuwa Faskari kullum, jakar kayan aiki ɗaure a baya. Bai taɓa wuce motar da ta lalace a hanya ba, ko da liman na jiransa.

Tsakanina da shi kuwa sai kunya irin ta surukai. In na hango shi tafe sai in ratse in tuɓe takalmi in durƙusa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Sunana ma ba ya faɗa, Direba yake ce mini, shi ma sai ta kama.

Sai shekarun nan da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa ya ga kamar arziki ya zo ke nan ba komawa. Sababbin motoci suka cika hanya. Ni ban kai ga sabuwa ba, wata tsohuwar a-kori-kura na samu ina jigilar hatsi tsakanin kasuwanni, amma kaina ya fi na mai sabuwar girma. Aka buɗe wani gareji a Funtuwa mai fitilar saita taimin, ana haska ta tana walƙiya, ba ruwanka da kunne. Can na koma kai motata. Da direbobi suka tsare ni a tasha suna tsiya, wai ga gwani a gida na tafi neman na waje, sai bakina ya kufce. Na ce, "Ku bar ni don Allah. Kunnen tsoho ya tsufa, sai an yi mashi magana sau uku."

Magana zarar bunu ce. Kafin in kai gida ta riga ni. Baba bai aiko ba, bai yi fushin da za a gani ba. In na durƙusa yana amsawa kamar kullum. Abu ɗaya ne ya canza: da, in na wuce ta gaban gareji yakan ɗan karkata kai ya saurari motata. Daga ranar ya daina. Wannan ya fi mini zagi ciwo, don na san abin da na faɗa gaskiya ne, kuma na san shi ya sa ya yi masa zafi.

A cikin wannan hali maiɗakina ta tafi gidansu goyon ciki, haihuwar fari. Tsakiyar marka ce. Ƙauyen nasu kuwa, in za ka fita, sai ka tsallake wani rafi marar gada, a kan yashi ake bi, daga nan ka hau wani tudu mai santsi kafin ka kama hanyar Funtuwa. In aka yi ruwa mai ƙarfi a sama, rafin kan kwana biyu ba ya ba kowa hanya.

Na loda itacen wankan jego na kai musu. A hanya motar ta riƙa tari tana fizga. Na sauke itace, na ajiye ta gindin wata ɗorawa a bakin gari, na sauka gidan wani abokina, tunda suruki ba ya kwana gidan surukai. Da gari ya waye na tsaya ina kallon motar. Ga gwanin ƙasar gaba ɗaya, taku kaɗan tsakanina da shi, amma da wane ido zan je? Na ce ai na sha ganin yadda ake yi. Na buɗe bonet, na zare distiributar ɗungurungum, na goge, na hura, na mayar. Ko alama ban yi ba. Karambanin akuya, gai da kura.

Ina cikin ɗaure noti na ji takun mutum a bayana. Na waiga, sai ga Inna, uwar maiɗakina, wadda ko gaisuwa ta bayan zana muke yi. Ta zo har gabana, ta dube ni ido cikin ido. Tun kafin ta buɗe baki na saki notin na miƙe.

"Tun jiya take naƙuda," in ji ta. "Ungozoma ta ce ɗan a gicciye shike, wannan ba aikinta ba ne. Ta ce in ba asibiti ba, to, sai dai wani ikon Allah. Tada motarka."

Na duba gabas. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen dawa. Ranar kasuwa ce, duk wani abu mai ƙafa huɗu ya fita tun da safe. Babu wata mota a ƙauyen sai tawa.

Na shiga na murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Na sake. Na sake. A karo na huɗu sai ya buga wata ƙara kamar bindiga, harshen wuta ya fito ta kafireto, inda mai ke haɗuwa da iska, matan da suka fara taruwa suka watse suna salati. Na sake murɗawa, na ji batir ya fara ja da ƙyar. Nan na gane abin da na aikata. Na kifa kaina a sitiyari. Matata tana can tsakanin rai da mutuwa, kuma ni da hannuna na kashe motar da za ta kai ta.

Da na ɗago, Baba na tsaye a gaban motar da jakarsa. Bai dube ni ba. Ya leƙa cikin injin, ya shafa gindin distiributa da yatsa, ya duba yatsan. Sannan ya ce da motar, "Wa ya taɓa ki bai yi alama ba?"

Na sauko na durƙusa a cikin laka. Bai ce in tashi ba. Ya ci gaba da magana da ita. "Ce mashi shi bar makullin nan haka nan, kada shi ƙarasa batir. Ce mashi shi kwance fulogi na ɗaya, shi ɗauko ƙarfen murɗawa."

Haka muka fara aiki, mota na tsakani tana kai saƙo. Na zura ƙarfen ta gaba ina juya injin da hannu. Shi kuma ya toshe ramin fulogin da babban yatsa yana jiran iska ta turo shi, don ta haka zai san fistin na ɗaya ya hau sama da mai a kansa. "Ce mashi sannu. Sannu. Tsaya!" Ya zare distiributar, ya juya ta, ashe baya da gaba na sa ta. Ya mayar, ya ciro 'yar takardar sigari daga aljihu ya maƙala tsakanin bakin kwantak, ƙarafa biyun nan da ke buɗewa wuta ta tashi. Yana jan takardar da yatsu biyu, yana juya kwanon da ɗaya hannun, kamar mai zare ƙaya a ƙafar jariri. Ni kuwa ji nake kamar in fizge in yi da kaina. An fara yayyafi. Daga cikin gari ana ta aiko tambaya, ko ta tashi?

Takardar ta sulluɓe, alamar bakin ya fara buɗewa a daidai lokacinsa. Ya ɗan ɗaure noti, muka mayar da fulogi. "Ce mashi shi yi bisimilla, sau ɗaya."

Na murɗa. Ta yi tari, ta girgiza, ta kama. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Na leƙo ta taga na manta da kowace irin kunya na ce, "Ta tashi, Baba! A ɗauko ta!"

Ya ɗaga hannu. "Tashi ba tahiya ba ce. In wutar ta makara, cikin rahi za ta mutu maka. In ta yi gaba, ba ta kai rabin tudu. Sauri ya haihi nawa."

Maza suka ruga ɗauko ta duk da haka. Muka rage mu biyu. Baba ya sassauta notin, ya riƙe kwanon, ya lumshe ido kamar yadda na sha ganin yana yi. Ya juya dama. Ya juya hagu. Injin ya yi sama, ya yi ƙasa, har ya nemi mutuwa, amma fuskarsa ba ta nuna ya ji bambanci ba. Ya kara kunnensa har yana neman taɓa ƙarfe mai zafi. Ya dafa injin da tafin hannu. Na ga gumi na bin gemunsa a cikin wannan sanyi.

Sai ya miƙe ya juyo. Karo na farko tun da na auri ɗiyarsa, ya dube ni, ni, ba motar ba.

"Direba," ya ce. "Abin da ka faɗa a tasha gaskiya ne. Ba ni ji. Zo ka ara mani kunnenka."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ya ce kada in yi masa magana, ba zai ji ba, in dafa kafaɗarsa kawai. Zai fizgi totur. In na ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani in girgiza shi, in muryar ta fita wasai in matsa. Ni da ban taɓa tsayawa a inuwarsa ba, na sa kaina ƙarƙashin bonet dab da nasa, na ɗora hannu a kafaɗarsa. Ƙashi ne zalla.

Ya juya, ya fizga. Tsakuwa. Na girgiza shi. Ya dawo da ita kaurin farce, ya sake fizga. Har yanzu da saura. Ruwa ya fara dukan bonet a kanmu. Na runtse ido na tattara hankalina duka a kan injin, sai na ji wata murya tana shiga tsakani. Baba ne. Addu'a yake yi, a zatonsa a zuci yake yi, ko kuma ƙarar injin ta rufe. Mutumin da ba ya ji bai san ƙarfin muryarsa ba.

"Ya Allah ka bar mani ita," yake cewa. "Ita ka fara ba ni. Ya Allah ka bar mani ɗiyata." Sai ya kira sunanta. Sunan yanka, cikakke, wanda shi ya raɗa mata. Ya kira, ya sake kira, ya sake, muryarsa na karyewa, yatsunsa kuwa ba su yi ko gezau a kan kwanon ba.

Hawaye suka rufe mini ido, amma kunnena na aro ne, ba ni da ikon yin wani abu da shi sai aikin mai shi. Ya fizga. Muryar injin ta fita tas, babu ƙwanƙwasa, babu nawa. Na matsa kafaɗarsa da ƙarfin da na san ya ji zafi. Ya ɗaure noti, ya zaro alli daga hula ya ja layi, ya rufe bonet. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Mi ka ji?"

Na kai bakina kunnensa na ce, "Injin kawai, Baba."

An kwantar da ita a baya kan katifa, Inna da ungozoma sun riƙe tabarma a kanta, ba ta san inda take ba. Baba ya koma wa motar. "Ce mashi giya ta ɗaya. Kada shi ɗaga ƙafa cikin ruwa ko mi ya gani."

Da muka isa rafin ruwa ya riga ya sauko, ja wur, yana tafe da karan dawa. Na yi bisimilla na shiga. Na ji yashi na zamewa ƙarƙashin taya, ruwa na bugun ƙofa, Inna na salati a baya. Ban ɗaga ƙafa ba. Muka fita, muka fuskanci tudu. Tsohuwar motar nan ta sa kai ta hau, tana wutsil-wutsil da gindi a cikin santsi, amma ko tari ɗaya ba ta yi ba. Da na kai sama na duba madubi. Can ƙetare ga Baba tsaye cikin ruwan sama riƙe da kekensa, ashe biyo mu ya yi. Rafin bai sake ba da hanya ba sai bayan kwana biyu.

A Funtuwa aka yi mata aiki. Ta rayu, ɗan ya rayu. Shi ne ranar Talatar nan ya shiga kabari ya karɓi kakansa.

Bayan suna muka koma yadda muke. Ina ratsewa ina durƙusawa, yana amsawa yana kallon wani wuri. Bai taɓa gaya wa kowa cewa ni na ɓata motar ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Mota ce, tana da ranarta." Sau ɗaya dai na wuce ta gareji ya tsai da ni, ya dafa bonet ya ce, "Kin hau ba tari?" Na amsa a madadin motar na ce ta hau. Da na koma ciki na tarar da guntun alli a kan kujerata. Yana nan a aljihuna yanzu haka. Ba a jima ba ya bar garejin ya koma gona, kuma bai taɓa cewa don me ba.

Ni kuma na riƙe abin da na ji. Na ɗauka amana ce. Mutum ya ari kunnenka don injin, ba ka da hurumin tafiya da abin da ya faɗa wa Ubangijinsa. Ban taɓa tunanin cewa shirun nan yana cin wata a gefena ba, sai ranar Talatar nan a bayan rumbu.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, na same ta a wurin nan dai tana tsince wake. Na zauna na ba ta labarin tun daga tasha, har da abin da na yi wa motar, wanda shi ma ba ta taɓa sani ba. Ta bar tsintar. Da na kai ƙarshe ta ɗago ta dube ni.

"Wanne ya kira?" ta ce. "Wanda ake kirana da shi, ko na yanka?"

"Na yanka."

"Sau nawa?"

"Uku na ƙirga."

Ta ajiye faifan a ƙasa. "Faɗa mani yadda ya faɗa."

Nan fa ɗaya. Ita ce matata ta fari, ni ma tun da aka kawo ta ɗakina ban taɓa kama sunanta ba. Na duba hagu da dama, babu kowa sai kaji. Na sunkuyar da kai kamar yadda muka sunkuya ƙarƙashin bonet, na kira shi, sau uku, da irin karyewar muryar da na ji.

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta suka yi ta rawa. Can, a hankali, daga cikin mayafin ta ce, "Na'am, Baba."

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Allah ya sa ya ji.